Launin zoɓo da lissafin Planck: yadda ajinmu na Asabar ke tafiya a Garwa

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau muka buɗe ajin Asabar a zauren gidan kawuna da ke Yelwa, nan Garwa. Yawancin yaran 'yan ajin ƙarshe ne na lise masu shirin bak, jarrabawar kammala sakandare, a fannin kimiyya, sai 'yan kaɗan da probatuwar, jarrabawar ajin da ke kafin na ƙarshe, ke jira. Kawu ya ba mu zauren bisa sharaɗin kada mu ƙona masa tabarmi, kuma mu tashi kafin la'asar.

Abin da ya sa na tara su wasu babi biyu ne da ake koya musu kamar ba su haɗa dangi ba. Ɗaya yana littafin fizik: haske, foton (ɗan dunƙulen haske), matakan kuzarin atom. Ɗayan yana littafin shimi, kimiyyar sinadarai: narkar da abu a ruwa, mol, asid da baz. Yaro zai haddace E = hf ran Litinin, ya haddace C = n/V ran Alhamis, ba wanda ya taɓa ce masa kofin zoɓo guda ya ƙunshi duka biyun. To, aikin da muka ɗauka ke nan. Za mu ƙera na'urar da za ta auna yawan launin da ke cikin zoɓo, wato folere a bakin mutanen nan, da kayan da ake samu a kasuwar Garwa. Kafin jarrabawa ina so kowannensu ya iya faɗin abin da ya sa zoɓo yake ja, da abin da ya sa kanwa ke juya shi.

Shekarar ma ta zo daidai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantom, saboda cika shekara 100 da aikin da Heisenberg ya fitar a 1925.

Asabar, 18 ga Janairu

Da gishiri da sukari muka fara. Na aro ƙaramin sikelin lantarki wurin wani maƙerin zinariya, muka auna gishiri giram 58.5 a faranti ɗaya, sukari giram 342 a ɗayan. Gishirin ɗan tsibi ne, sukarin kuwa tuli. Na ce musu kowane faranti mol ɗaya ne, wato ƙwayoyi 6.022 × 10²³. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, in adadinsu ɗaya ne, ina wannan ya samo nauyi haka?" Na sa ta ƙirga atom ɗin da ke cikin C₁₂H₂₂O₁₁. Ta samu 45. NaCl kuwa biyu kacal. Ba ta sake tambaya ba.

Daga nan muka fasa matattun batura na tocila muka zaro sandunan gawayin da ke tsakiyarsu, muka haɗa su da batir mai bolt 9 da ƙwan LED da 'yar resista. Muka tsoma sandunan a tataccen ruwan da ake zuba wa batirin mota, ƙwai bai kama ba. Muka zuba sukari cokali bayan cokali har ruwan ya yi danƙo, shiru. A wani kofin muka barbaɗa gishiri da ɗan yatsa biyu, nan take ya haska. Ruwan rijiyar gidan ma ya sa shi ɗan ƙyalli, abin da ya ba yaran mamaki fiye da na gishirin.

Sukari in ya narke, kowace ƙwaya tana nan yadda take, ruwa ne kawai ya kewaye ta. Gishiri kuwa rabuwa yake yi gida biyu, Na⁺ da Cl⁻, kowanne da cajinsa, su ne ke ɗaukar lantarki. Arrhenius ya kawo wannan magana a takardar digirinsa a Jami'ar Upsala a 1884, malamansa suka ba shi maki na rowa, amma a 1903 aka ba shi kyautar Nobel a kanta.

Aikin gida na yau ƙunshin SRO ne, garin ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa. A jikin ƙunshin na lita ɗaya an rubuta gulukos giram 13.5, gishiri giram 2.6, sitirat na sodiyom giram 2.9, kulorid na potasiyom giram 1.5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shi a kan milimol 75 na gulukos da milimol 75 na sodiyom. Na farko mai sauƙi ne, 13.5 a raba da 180. Na biyun ne tarkon: gishirin kaɗai 44 zai ba su, sai sun tuna cewa kowane sitirat yana tafe da sodiyom uku kafin su gano inda sauran kusan 30 suka ɓuya. A yankin da kwalara ba baƙuwa ba ce da damina, na fi son su koyi mol a kan wannan ƙunshi da a kan sinadarin da ba su taɓa gani ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Na'urar farko ta tsaya: kwalin man goge baki, reza biyu da aka jera baki da baki suka bar siririyar kafa a gefe ɗaya, guntun tsohon faifan CD a ɗaya gefen, da ramin leƙawa a sama. Faifan CD yana da layuka kusan 625 a kowace milimita, su ne ke warware haske zuwa launukansa.

Hasken rana da ya faɗa kan farin bango ya ba da bakan gizo cikakke, ba yankewa. Na hana kowa ya nufi ranar kanta da kwalin. Da muka juya kan ƙwan lantarki mai naɗaɗɗen gilashi na zauren, sai ga layuka rarrabe, tsakaninsu duhu: shuɗi mai ɗaukar shunayya a zango mai tsawon nanomita 436 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kore a 546, dukansu na makuri, da wani ja mai haske kusa da 611 na hodar da aka shafe cikin gilashin da ita. Wuta ta ɗauke muna tsakiyar kallo, hakan ya ba mu duhun da muke bukata don gwaji na gaba. Muka kunna ƙaramin murhun gas, muka sa jiƙaƙƙen gishiri a bakin waya cikin harshen wutar. Layi ɗaya tak, rawaya, a 589. Muka sa kanwa, layin nan dai ya sake fitowa a wurinsa. Sodiyom ke nan, ko daga ina ya fito.

A nan kwantom ya shigo. Elektron da ke cikin atom ba ya riƙe kuzarin da ya ga dama. Matakai ne ƙayyadaddu, in ya sauko daga na sama zuwa na ƙasa sai ya saki bambancin a foton guda, launin foton kuwa girman bambancin ne ke yanke shi. Balmer, malamin makarantar 'yan mata a Basel, shi ya gano a 1885 cewa layukan haidurojin huɗu, 656, 486, 434 da 410, suna bin lissafi ɗaya, ba tare da ya san dalili ba. Sai a 1913 Bohr ya kawo dalilin: kuzarin mataki na n shi ne −13.6/n² a ma'aunin elektronbolt. Muka gwada daga mataki na 3 zuwa na 2, aka samu 1.89. Muka raba 1240 da shi, ga 656 ta fito. Lambar nan ta 1240 na ce su rubuta a bangon littafi, domin ita ke mai da kuzari zuwa tsawon zangon haske, ta kuma mayar.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Makon jiya ba mu zauna ba, na tafi neman kaya. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a babbar kasuwa, rumfarsa cike da gawarwakin rikoda. Na ce, "Baba, ƙwayayen LED nake nema masu gilashi garau, ja da rawaya da kore da shuɗi." Ya ce, "Malam, babur za ka yi wa ado?" Da na faɗa masa abin da za mu yi, ya zazzage wani gwangwanin madara a kan tebur yana tsinta. Yana miƙo mini yana cewa, "Jan nan ba shi da ci. Shuɗin ne mai haɗama, in ba ka ba shi batir biyu lafiyayyu ba, ba zai kula ka ba." Ya haɗa mini da maɓallin ƙara murya na tsohuwar rediyo, ya kuma ara mini mitarsa. Shekara da shekaru yana ganin dokar Planck a kan teburinsa.

Yau muka auna. Batir, maɓallin nan, resista, LED, mita a kan ƙafafun LED ɗin. Yaro ɗaya ya lulluɓa da bargo yana leƙa ƙwan ta cikin bututun biro da aka naɗe da baƙin salatif, wani yana murɗa maɓallin a hankali, na uku yana karanta mita. Da na cikin bargon ya ce "ya kama", sai a rubuta. Matsakaicin abin da muka samu: ja bolt 1.70, rawaya 1.84, shuɗi 2.40. Muka ɗauki zangonsu a kan 630, 590 da 470, muka mai da su yawan kaɗawa a daƙiƙa: 4.76, 5.08 da 6.38, kowanne sau 10¹⁴. Ukun suka hau layi ɗaya a takardar zane. Gangaren layin, in aka ninka shi da cajin elektron 1.602 × 10⁻¹⁹, ya ba mu 6.9 × 10⁻³⁴, wato h, lambar Planck da ke cikin E = hf. Na littafi 6.626 × 10⁻³⁴ ne.

Yara suka yi ta ihu har Kawu ya leƙo. Na bar su suka gama, sannan na rage musu zafi. Zangon launukan ba mu muka auna ba, na al'ada muka ɗauka. "Ya kama" ya danganta da idon mai kallo da kaurin bargo. Koren ma ya ƙi hawa layin, ya tsaya sama da shi, kuma na sa sun bar shi a zanen, ba a goge abin da bai yi daɗi ba. Sannan foton ja mai zango 630 yana ɗauke da elektronbolt 1.97, mu kuwa a 1.70 muka ga haske, saboda zafin da ke jikin ƙwan yana ɗan tura wasu elektron su haye. Shi ya sa muka dogara da gangaren layi, ba da ƙwai ɗaya ba. Duk da haka, lambar da ke da sifiri 33 bayan ɗigo ta fito daga gwangwanin madara da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba.

Planck ya gabatar da lambar a Balin a Disamba 1900, yana neman bayanin hasken da abu mai zafi ke fitarwa, irin na ƙarfen maƙeri da ke tashi daga ja zuwa rawaya zuwa fari. Einstein ne a 1905 ya ce hasken kansa a dunƙule-dunƙule yake tafiya. Tun 20 ga Mayu 2019 da wannan lamba ake fayyace kilogiram, an daina dogaro da dunƙulen ƙarfen da ke ajiye kusa da Paris. Shuɗin LED mai haɗamar nan kuwa shi ya kawo wa Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014, kuma shi ne ke cikin kowace farar tocila, an lulluɓe shi da hoda mai mai da wani sashen hasken rawaya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Hidimar bikin matasa na 11 ga wata ta cinye makon, rabin aji ne suka zo. Inna, matar Kawu, ta dafa mana zoɓo zalla, ba sukari ba citta, ta kuma ara mana kofunan shayi. Muka jera su a bakin dakali: ruwan lemon tsami, jiƙon tsamiya, binega, ruwan rijiya, bikarbonat, jiƙon kanwa, da ruwan toka da aka tace. Kowanne muka ɗiga masa zoɓo kaɗan. Dole kaɗan ɗin, domin zoɓo kansa asid ne, in ya yi yawa shi zai rinjayi abin da ake gwadawa.

Ukun farko ja jawur. Na rijiya ya koɗe ya yi fari-fari da ɗan shunayya. Na bikarbonat ya yi duhu, tsakanin shuɗi da toka-toka. Na kanwa kore. Na toka ya fara da kore, kafin mu gama rubutu ya koma ruwan ƙasa, kuma ko da muka matsa masa lemo bai dawo ja sosai ba, launin ya riga ya lalace. Na kanwa kuwa da muka yi saurin matsa masa lemo ya yi kumfa yana tsiyayar iska, ya koma ja. Inna tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Wannan ne karatun? Ai tun muna yara muka san kanwa ke kashe tsamin yakuwa." Na ce, "Inna, shi ne fa, lissafinsa kawai muka ƙara." Ta ce in mun gama a wanke mata kofuna.

Kanwar da ake haƙowa a Kanem, gefen Tafkin Cadi, yawancinta kabonat da bikarbonat na sodiyom ce. Tana kwashe H⁺ daga ruwa, kumfar nan iskar CO₂ ce ke fita. Ma'aunin pH, wanda Sørensen ya ƙirƙiro a 1909 a ɗakin binciken Carlsberg da ke Denmak, yawan H⁺ ɗin nan yake ƙirgawa, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Lemo yana wajen 2, bikarbonat wajen 8, kanwa wajen 10. Tsakanin kofin lemo da na kanwa ke nan ninki miliyan 100.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na'urar auna launi ta fara aiki. Kwalin takalmi ne da aka shafe cikinsa da baƙin fenti, LED a gefe ɗaya, robar alewar Tic Tac a tsakiya saboda gefenta shafaffe ne, waya a ɗaya gefen da idonta mai jin haske yana kallon robar. Manhajar phyphox muka sa, wadda Jami'ar RWTH ta Aachen a Jamus ta yi kyauta. A wayar Android take karanta idon nan mai jin haske, a iPhone ba ta yi.

Da jan LED, zoɓo da ruwa kusan ɗaya suke a wurin wayar. Da muka sa kore mai zango 525, lamba ta faɗi warwas. Amsar rabin tambayarmu ke nan: sinadarin launin zoɓo, antosiyanin, kore yake haɗiyewa a wajen nanomita 520, abin da ya tsira ya iso ido shi ne ja.

Muka sirka zoɓon kashi ɗaya cikin goma ya zama tushe, sannan rabi, sannan rubu'i. Ƙungiyar da ta sirka da ruwa mai binega ta samu: ruwa zalla 200, rubu'i 152, rabi 116, tushe 69. Logaritim na 200 bisa kowace lamba ya ba da 0.12, 0.24, 0.46. Ninki biyu na launi, ninki biyu na haɗiya, dokar da Beer ya rubuta a 1852. Na ƙarshen ya ɗan gaza 0.48, kuma ina zargin hasken da ke zagayawa ta gefen robar. Ƙungiyar da ta sirka da ruwan rijiya kuwa layinta ya lanƙwashe, rubu'insu ya koɗe fiye da kima. Ba hannunsu ne ya karkace ba. Ƙara ruwa yana rage launi, yana kuma ɗaga pH, kuma tsakanin 4 da 5 yawancin antosiyanin yana komawa wata siffa marar launi. Daga yau duk sirki da ruwan binega za a yi.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Mun jawo zaman zuwa yammacin Laraba saboda azumi ya ƙarato. Yau ba gwaji, allo ne kawai, da garayar da wani yaro ya aro wurin yayansa.

Tsirkiyar garaya a ɗaure take kai da gindi, don haka ba kowace kaɗawa take karɓa ba, sai wadda ta dace da tsawonta: ciki ɗaya, ciki biyu, ciki uku. Ka danne ta ka gajarta, murya ta yi sama. De Broglie ya ce a 1924 elektron ma yana da ɗabi'ar kaɗawa, Schrödinger ya ba ta lissafi a 1926. Elektron da aka tsare a wuri mai tsawon L matakansa su ne n²h²/8mL², m nauyin elektron, da h ɗin nan da muka auna a ƙarƙashin bargo. In L nanomita 1 ce, matakin farko elektronbolt 0.376 ne. Tsalle daga na 3 zuwa na 4 ninki 7 ne na wannan, 2.63, wato haske mai zango 471, shuɗi. Muka ƙara L zuwa 1.2, tsallen ya ragu zuwa 1.83, zango ya koma 678, ja. Ƙarin kashi ɗaya cikin biyar na nanomita ya tsallake kusan duk bakan gizo.

Antosiyanin zobba uku ne na atom a haɗe, wasu elektron suna yawo a kansu. In kanwa ta zare masa H⁺, yadda elektron ɗin suka bazu ya canza, tazarar matakai ta ragu, haɗiyar ta matsa daga 520 zuwa wajen 600, ruwa ya yi shuɗi. Wani sashen kuma zobensa na tsakiya ya buɗe ya zama rawaya. Shuɗi da rawaya a kofi ɗaya, ga koren da Inna ta gani. Na gargaɗe su kada su ɗauki lissafin akwatin nan su ce za su fitar da 520 daidai, ya yi sauƙi da yawa ga irin wannan ƙwaya. Alkibla yake nunawa, kuma alkiblar daidai ce. Karotin da ke cikin manja, mai doguwar sarƙa, yana haɗiye shuɗi a wajen 450. Gishiri da sukari kuwa tazarar matakansu ta fi ƙarfin duk wani foton da ido ke gani, shi ya sa ruwansu garau.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi da zafi sun haɗu, mun koma zaman safe, gajere. Da rana ma'aunin zafi yana haura 40. Na yi amfani da shi na gyara musu wata hadda: pH 7 na tataccen ruwa a digiri 25 ne, a digiri 40 yana wajen 6.8, kuma ruwan bai zama asid ba, H⁺ da OH⁻ ne suka ƙaru tare.

Zoɓo ya cika gari saboda buɗa baki, yara suka sayo ƙulli-ƙulli daga unguwanni dabam-dabam jiya da yamma, muka sa musu lamba maimakon suna. Bambancin kauri tsakanin wanda ya fi da wanda ya gaza ya kusa ninki uku, kuɗin kuwa ɗaya. Ɗaya daga ciki ya ba da haɗiya mai yawa, amma da muka zuba masa kanwa ya tsaya ja abinsa, da kyar ya ɗan yi duhu. Antosiyanin ba ya haka. Mafi kusa shi ne an ƙara masa garin lemon kwalba ko launin abinci na kanti. Na'urarmu ita kaɗai ba za ta gane ba, tunda duk abin da ya haɗiye kore ɗaya ne a wurinta, don haka gwajin kanwa ya shiga cikin tsarin awo: kowane samfuri sau biyu, kafin kanwa da bayanta.

Abin da ya rage: har yanzu "kashi kaza na tushe" muke cewa, ba mol a lita ba. Muna bukatar ruwa mai launi wanda muka san nauyinsa. Famanganat na potasiyom da ake sayarwa a kantin magani zai yi, giram 158 ne mol ɗinsa, kuma a wajen 525 yake haɗiya, daidai da koren LED ɗinmu. Na yi magana da maƙerin zinariya zai sake ara mana sikeli bayan Salla. Kafin nan yara biyu za su toshe gefen robar da baƙin kwali su sake auna tushen, sauran kuma na raba musu tsofaffin tambayoyin bak a kan matakan haidurojin da lissafin pH.